Satar Gidajen Gem: A Nemi Ɓarawon Zaune, A Daina Kwashe Mana Yara

Daga Sakataren Ƙungiya

Ina so in yi magana a kan abin da ya fi kawo mutane ofishin ƙungiya a 'yan watannin nan, wato sace-sacen da ake yi a gidajen gem da kamen da ke biyo bayansu. A zamanmu na baya wasu dattawa sun kawo shawarar a rufe duk wani gidan gem da ke unguwannin Hausawa, kowa ya huta. Na san zafin da ya sa suka faɗi haka, kuma ban raina maganarsu ba. Amma ban goyi bayanta ba, kuma zan faɗi dalilina a nan inda kowa zai karanta ko a karanta masa. Wannan ra'ayina ne, kwamiti bai yanke komai ba tukuna.

Saboda iyayenmu mata da tsofaffin da ba su taɓa leƙa irin wannan wuri ba, bari in fara da yadda yake. Gidan gem shago ne guda, wani lokaci kwantena ko rumfar kwano, da talabijin uku ko huɗu a jikin bango, da benci, da janareta a ƙofa. A ƙarƙashin kowace talabijin akwai na'ura mai suna PlayStation, ta kamfanin Sony na ƙasar Japan, yara na ce mata PS. Mutum biyu su zauna, kowa ya riƙe abin dannawa da suke kira hannu, su buga ƙwallo a cikin talabijin, wannan ya ɗauki Chelsea wancan ya ɗauki Barcelona, in an tashi su biya su ba wasu wuri. PS2 ta fito a 2000, ita ce ta fara cika unguwanninmu. PS3 ta biyo ta a 2006, PS4 a 2013, sai PS5 a 2020.

Ga abin da ya sa ɓarayi suka sa wa waɗannan shaguna ido. Lokacin da PS5 ta fito a watan Nuwamba na 2020, kamfanin ya sa mata dala 499. A 2024 dala ɗaya ta haura naira 1,500. Ko mu da muka koyi lissafi da girma a ajin yaƙi da jahilci za mu iya buga wannan: kuɗin ya doshi naira 750,000, tun ba a sa kuɗin jirgi da na kwastan da ribar ɗan kasuwa ba. A wannan shekarar ce aka kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a wata. Ke nan na'ura ɗaya ta fi albashin wata goma na ƙaramin ma'aikaci. Saniya in an sace ta sai an kora ta, tana kuka tana barin sawu. Babur yana da lamba da takardu. Ita kuwa PS4 jakar makaranta ta ishe ta, PS5 buhun bako, kuma kafin rana ta faɗi ta sami mai saye.

Satar iri-iri ce. Akwai ƙarama wadda kusan kullum ake yi: a zare hannu ɗaya a cusa a riga, a ɗauke waya da aka jona a caji yayin da mai ita ya zuba wa talabijin ido, a buɗe durowa a kwashe cinikin yini lokacin da NEPA ta ɗauke wuta kowa na lalube kafin a tada janareta. Akwai babba ta tsakar dare, a ɓalle kwaɗo ko a yaye kwanon rufi a sauko ta silin, a kwashe na'urori da talabijin har da janaretan. Irin wannan da wuya baƙo ya yi ta. Wanda ya san inda ake ɓoye na'ura bayan an tashi, ya san daren da yaron shago ba ya kwana a ciki, mutum ne da ya daɗe yana zama a kan bencin nan. Akwai kuma wadda ba a shagon ake yin ta ba amma saboda shi ake yi, wato yaro ya ɗauki kuɗin cefane ko cinikin tallan uwarsa ya je ya buga. Wannan ta fi yawa inda mai shago ya bari ana sa kuɗi a kan wasa. Da zarar caca ta shiga, wanda aka cinye sai ya nemo abin fansa, kuma ba aiki yake yi ba. Iyaye mata sun fi kowa sanin wannan, domin a ɗakunansu ake fara ɓatan kuɗi da ɗan kunne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne inda kayan suke ƙarewa. Ku tambayi kanku, wa yake bukatar na'ura biyu da hannu huɗu a lokaci ɗaya? Magidanci ba ya bukata. Mai wani gidan gem ɗin ne yake bukata. Ƙorafin da ya fi maimaituwa a ofishinmu shi ne wannan: an fasa shagon wane, bayan sati biyu yara sun ga na'urarsa a wani shago a wata unguwa. Kuma yara ba sa kuskuren gane ta, domin su ne masu amfani da ita. Sun san hannun da aka ɗaure da salatif, sun san tsagin da ke gefenta, kuma sunayen da suka rubuta a cikinta suna nan ba a goge ba. Daga nan magana ta bazu, mai kaya ya tara abokansa su tafi karɓa da ƙarfi, shi kuma wancan ya rantse cewa da kuɗinsa ya saya. Ka ce ya kawo rasit, babu. Ka ce wa ya sayar maka, ya ce wani yaro ne, bai san gidansu ba. Nawa ka saya? Sai ya faɗi kuɗin da bai kai rabin na kasuwa ba.

To, wannan mutumin Hausawa sun daɗe da raɗa masa suna, shi ne ɓarawon zaune. Ba ya haura katanga, ba ya ɓalle kwaɗo, yana zaune a shagonsa da farar riga, amma saboda shi ake haurawa. Yaro ba zai yaye kwanon wani da ƙarfe biyun dare ba sai ya tabbata akwai wanda zai miƙo masa kuɗi da safe ba tare da tambaya ba. Kuma dole mu faɗa wa kanmu gaskiya, wasu daga cikin masu wannan hali namu ne. Akwai su a cikin masu gidajen gem, akwai su a cikin masu gyaran waya, akwai su a cikin masu sayen gwangwan da ake kai wa janareta a farfashe. Mafi yawan masu waɗannan sana'o'i mutanen kirki ne da ke cin guminsu, su ne ma suka fi cutuwa, domin wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Doka ba ta ɗauki wannan da wasa ba. A nan Kudu dokar laifuka da ake kira Criminal Code ce ke aiki, ba Penal Code da muka sani a Arewa ba. A cikinta, hukuncin sata ta gama-gari ɗaurin shekara 3 ne, a sashe na 390. Fasa shago a yi sata a ciki shekara 14 ne, a sashe na 413. Karɓar kayan da mutum ya san na sata ne kuwa, sashe na 427 ya ce yana iya kai shekara 14. Ku duba da kyau, mai saye yana iya shan ɗaurin da ya ninka na yaron da ya zare hannu ya sa a riga. Kada kuma wani ya dogara da cewa zai ce ban sani ba. Dokar Shaida ta 2011, sashe na 167, ta ba alƙali dama ya ɗauka cewa wanda aka sami kayan sata a hannunsa jim kaɗan bayan satar, ko dai shi ne ɓarawon ko kuma ya karɓa da saninsa, sai fa in ya iya bayanin yadda kayan suka zo masa. Da me zai yi bayanin? Da rasit da sunan wanda ya sayar masa. Rantsuwa da kama kunne ba sa aiki a gaban majistare.

Yanzu bari in koma ɗaya ɓangaren, wanda shi ne ainihin aikin wannan ƙungiya. Idan aka kai ƙarar sata, abin da muka sha gani shi ne mota ta tsaya a ƙofar shago da daddare, a kwashe duk wanda aka tarar. Mai bugawa da mai kallo, yaron da aka aiko ya kira wansa, ɗan acaɓan da ya faka yana jiran fasinja, har mai shayin da ke gefe. Kamen kan mai uwa da wabi. Da gari ya waye iyaye sun cika ofishinmu, wata da kuka, wani da kuɗin da ya ranto. A bi su ɗaya bayan ɗaya a karɓi abin da aka karɓa a sake su, shi kuwa wanda ya yi satar wataƙila ba ya ma cikin motar. Mai kaya bai sami kayansa ba, iyaye sun yi asara, yaro ya kwana a bayan kanta tare da manyan masu laifi ya fito da sababbin abokai. Ba na cewa duk jami'an tsaro haka suke. Akwai waɗanda muka yi aiki da su cikin mutunci, suka bi sawun kaya har aka samo. Amma irin wancan kame ya saɓa wa doka, kuma ya kamata kowane magidanci ya san haka.

Kundin tsarin mulki na 1999, sashe na 35, ya ce wanda aka kama yana da damar ya yi shiru har sai ya ga lauya ko wani wanda ya zaɓa. Ya ce a cikin awa 24 a sanar da shi dalilin kamun a rubuce, cikin harshen da yake ji. Ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. A cikin garin Ibadan babu inda kotu ta yi wa mutum nisan kilomita 40. Sashen ya kuma ce wanda aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da ban haƙuri a bainar jama'a. Sashe na 36 ya ce mutum ba mai laifi ba ne har sai kotu ta tabbatar, kuma in ba ya jin harshen da ake shari'a da shi a ba shi tafinta kyauta. Wannan na tafinta ya shafe mu ƙwarai. Yaran da aka haifa a nan suna jin Yarbanci kamar 'yan gari, amma waɗanda suka zo ci-rani daga Sakkwato ko Katsina ko Maraɗi ba sa ji, ba sa kuma jin Turanci. A rubuta takarda a ce dangwala, ya dangwala, bai san ya amsa laifi ba. Ku gaya wa 'ya'yanku da yaran da ke ƙarƙashinku, kada su sa hannu ko yatsa a kan abin da ba a fassara musu ba.

Akwai kuma Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda take aiki a ko'ina a Nijeriya. Sashe na 36 nata ya hana a kama wani a madadin wanda ake nema. Ke nan idan ana neman yaro ba a same shi ba, babu hurumin a tafi da uwarsa ko ubansa ko maigidansa a ce sai ya fito. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta faɗi haka a sashe na 7, kuma Jihar Oyo ta yi tata irinta a 2016. Dokar ta 2020 ta kuma fito fili ta ce shekarun mutum ko askinsa ko irin tufafinsa, ko zaton cewa wasu irin mutane sun fi aikata laifi, ba sa zama dalilin zargi. Wato zama matashi Bahaushe a kan benci a gidan gem ba laifi ba ne, kuma ba hujjar bincike ba ce. Beli a caji ofis kyauta ne, su da kansu suke liƙa hakan a bango. Mace tana iya tsaya wa mutum beli, dokar 2015 ta ce ba a hana ta don ita mace ce, saboda haka uwar da mijinta ya yi tafiya Arewa kada ta zauna jiran namiji. Idan kuma yaron bai kai shekara 18 ba, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ce a sanar da iyayensa nan take, kuma ba a haɗa shi ɗaki da manya. Dukan mutum don ya amsa laifi kuwa, dokar hana azabtarwa ta 2017 ta mayar da shi laifi a kan mai dukan. Wanda ba shi da kuɗin lauya akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta gwamnatin tarayya, akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa, kuma ofishinmu zai raka mutum.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Duk waɗannan sassa da na lissafa, baki ne yake faɗinsu a gaban jami'i, kuma bakin da aka san yana rufa wa ɓarawo asiri ba shi da nauyi. Idan yau na je na ce yaran nan da kuka kwaso ba su san komai ba, gobe kuma aka gano na'urar a shagon wani ɗan unguwarmu wanda kowa ya sani amma aka yi shiru saboda ɗan wane ne, jibi in na koma wa zai saurare ni? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muna da wata ɗabi'a ta cewa mu baƙi ne, kada mu tona wa junanmu asiri a gaban mutanen gari. Na fahimci inda ta samo asali. Amma rufin asirin mutum ɗaya shi ke jawo a kwashe mana yara ashirin. Sulhu a gaban Sarki ko mai unguwa yana da kyau a kan ƙaramin abu tsakanin yara, a mayar da hannun da aka ɗauka, uba ya tsawata wa ɗansa. Wanda ya mayar da sayen kayan sata sana'a kuwa, wannan ba na sulhu ba ne. A sani kuma, karɓar kuɗi don a ɓoye babban laifi shi ma laifi ne a dokar nan ta Kudu.

Akwai abin da ya fi kame haɗari, kuma duk wanda ya daɗe a ƙasar Yarbawa ya san shi, wato ihun “Ole! Ole!” Da zarar an kira mutum ɓarawo a titi, babu mai tambayar rasit, babu mai tambayar sashe. A watan Oktoba na 2012 an kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal a ƙauyen Aluu a kan zargin sata, kuma ba Hausawa ba ne, ba baƙi ba ne a yankin Kudu. To ina ga namu? A watan Maris na 2025 an kashe matafiya 16 'yan Arewa a Uromi ta Jihar Edo, mafarauta ne da ke hanyar komawa Kano yin Sallah, a kan zargin da ba a tsaya bincikensa ba. Mu nan Ibadan ba ma bukatar a ba mu labari. Rikicin kasuwar Shasha na watan Fabrairu 2021 daga saɓanin mutane ƙalilan ya tashi, kafin a ankara an rasa rayuka, an ƙone shaguna da gidaje, mata da yara sun kwana a tsakar gidan Sarki. Na'urar gem da aka sace daga shagon Bayarabe aka gan ta a shagon Bahaushe, ko aka sace ta Bahaushe aka gan ta a na Bayarabe, ta isa ta zama irin wannan ashana. Don haka nake roƙon matasanmu, idan kun ga kayanku a wani wuri kada ku tara gayya. Ku zo ofis, mu tafi tare da shugabannin unguwar can da hukuma. Idan kuma kun kama wani da hannu dumu-dumu a shagonku, ku riƙe shi ku miƙa shi. Duka ba naku ba ne, ko shi ɗan wace ƙabila ce.

To me ya sa ban yarda a rufe ba, alhali na lissafa wannan ɓarna duka? Na farko, ƙungiya ba ta da ikon rufe wa mutum sana'ar da doka ba ta hana ba. Mu da kullum muke kafa hujja da sashe na 41 da na 42, cewa ɗan Nijeriya yana da damar zama ko'ina kuma ba a nuna masa bambanci saboda asalinsa, bai dace a ce mu ne muka fara kulle wa ɗan'uwanmu shago da ƙarfin tsiya ba. Masu shagunan nan da yawansu matasa ne da suka gama sakandare ba aiki, suka tara kuɗin acaɓa ko aka haɗa musu a gida suka sayi na'ura ta hannu daga Alaba a Legas. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 janareta yake cinye musu riba. Wasunsu da wannan suke ciyar da iyaye. Idan an rufe, ina za su?

Na biyu, rufewa ba za ta hana yara bugawa ba. Za su tsallaka titi ne su tafi unguwar da babu wanda ya san ubansu, inda in an yi kame ko rigima sai labari ya iso mana bayan kwana biyu. Gara suna inda ƙanin uba zai wuce ya leƙa ya ce kai wane, tashi ka tafi gida. Kuma akwai wani abu da dattawa ba su lura da shi ba. A yau babu wuri da yawa da ɗan Bahaushe da ɗan Bayarabe da ɗan Ibo suke zama a benci ɗaya suna dariya kamar gidan gem. Makaranta ta raba su, kasuwa ta raba iyayensu. Wannan zama yana da amfani ranar da wani abu ya taso.

Abin da nake ganin ya rage mana shi ne rubutu. Iyayenmu da suka kafa Sabo a 1916 sun yi fataucin shanu da goro na maƙudan kuɗi a kan bashi ba tare da takarda ba, domin kowane baƙo yana da maigida da ya tsaya masa, kuma dillali ya san mai saye ya san mai sayarwa. Wanda ya ci amana ba ya sake ciniki a kara. Cinikin na'urar gem ba shi da maigida, ba shi da dillali, yaro ne da jaka a baya. Tunda babu mai tsayawa, sai takarda ta tsaya.

Kowace na'ura tana da lambarta ta kamfani a jikinta, a baya ko a ƙasa, kuma babu biyu masu lamba ɗaya. Mai shago ya kwafe wannan lamba, ya ɗauki hotonta a waya, ya haɗa da rasit ya ajiye a gida, kada ya bar su a durowar shagon da za a fasa. Haka lambar talabijin da ta janareta. Ita ma waya tana da tata, in ka danna *#06# za ta fito. Mutumin da ya je kai ƙara da lamba a hannu an san abin da ake nema, ba sai an kwashe unguwa ba. Wanda zai sayi na'ura ta hannu kuma ya nemi rasit ɗin asali, ya ga katin ɗan ƙasa na mai sayarwa, a rubuta takardar ciniki da shaida biyu. Wanda ya ce yana sauri ba zai iya jiran wannan ba, ya tafi da kayansa. Ɓarawo kullum cikin sauri yake.

Sai abin da ya rataya a wuyan masu shago su kaɗai. A daina karɓar jinginar waya ko agogo daga yaro a madadin kuɗin wasa, domin ba ka san ta wa ce ba, kuma ranar da aka bi sawun wayar a durowarka za a same ta. A hana sa kuɗi a kan wasa baki ɗaya. Yaro da rigar makaranta kada a bar shi ya zauna a lokacin karatu, na boko ko na allo. A tsayar da lokacin rufewa, ni a ganina ƙarfe goma na dare ya isa, domin kusan duk kamen da muka je beli a kansa bayan wannan lokaci aka yi shi. Kada shago ya zama wurin kwanan wanda ba a san daga ina ya zo ba. Wanda yake da hali ya sa kyamarar tsaro, yanzu ba ta kai kuɗin hannu biyu na PS5 wahala ba ga mai shago babba. Kuma wannan tsari ba zai yi aiki ba in mu kaɗai muka yi shi, tunda kayan tsallaka unguwa suke yi. Dole a zauna da masu gidajen gem Yarbawa da Ibo na Mokola da kewaye, su ma satar nan tana cin su, a yi littafi ɗaya, in an fasa wani shago a aika wa kowa lambar kafin azahar.

Ku kuma iyaye, ku san shagon da ɗanku yake zuwa, ku san sunan mai shi. Idan yaron da ba ya sana'a ya shigo gida da hannun gem ko sabuwar waya ya ce aboki ne ya ba shi ajiya, a ranar za a mayar, kuma uba ya raka shi. Ajiyar nan ta kai yara da yawa inda ba su zata ba.

Zan gabatar da wannan shawara a zaman kwamiti mai zuwa, kuma ina roƙon dattawan da suka nemi a rufe su ba ta wata shida a gani. Shagon da ya ƙi shiga tsarin, ko aka sami kayan sata a cikinsa, ƙungiya ta janye hannunta daga gare shi, ba za mu je masa beli ba, kuma mu sanar da mai gidan da ya ba shi haya. Kafin nan na riga na sayi babban littafi na ja masa layi. Yana ofis daga Litinin zuwa Alhamis bayan sallar La'asar. Mai gidan gem ya zo da na'urorinsa da rasit. Wanda rasit ɗinsa ya ɓata ya fara zuwa kotu ya yi takardar rantsuwa, ya taho da wanda ya san lokacin da ya saya. Wanda ba ya rubutu ni zan rubuta masa, a karanta masa, ya dangwala. Ba a biyan ko kwabo.